Zaɓen Gwamnan Ondo Na 1983: Yadda Takardun Rumfa Suka Maido Wa Ajasin Kujerarsa

Ran Asabar 13 ga watan Agusta na 1983 mutanen Nijeriya suka fita zaɓen gwamnoni a jihohi 19 da ƙasar nan take da su a wancan zamani. A jihohi da dama an yi gardama, an yi zage-zage, an kuma garzaya kotu. Amma babu inda al'amarin ya ƙazanta kamar Jihar Ondo, inda dattijo Cif Michael Adekunle Ajasin na Jam'iyyar UPN ya kara da tsohon mataimakinsa, Cif Akin Omoboriowo na Jam'iyyar NPN. Kwana uku da jefa ƙuri'a aka ba da sanarwar wanda ya ci, kafin rana ta faɗi kuwa an kashe mutane, an ƙone gidaje da motoci, garin Akure ya turnuƙe da hayaƙi. Bayan 'yan makonni sai ga kotu ta soke sanarwar nan, ta ce wanda aka ce ya faɗi shi ne ya ci, kuma da rata mai yawa.

Labarin nan ya cancanci a sake waiwayarsa, domin ya nuna a fili inda ɓarawon zaɓe ya fi yin ɓarna, watau tsakanin rumfar da talaka ya jefa ƙuri'arsa da teburin da ake ba da sanarwa. Ya kuma nuna abin da yake iya kama wannan ɓarawo.

Dattijo da mataimakinsa

An haifi Ajasin a garin Owo cikin 1908. Malamin makaranta ne tun yana saurayi. Ya yi karatu a Kwalejin Saint Andrew ta Oyo, daga baya ya wuce Kwalejin Fourah Bay ta Saliyo, sa'an nan ya komo gida ya shugabanci Kwalejin Imade ta Owo. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Action Group tare da Cif Obafemi Awolowo cikin 1951, a garinsu ne ma aka yi babban taron ƙaddamar da ita. Shi ne kuma ya rubuta takardar manufar ilimi wadda Gwamnatin Jihar Yamma ta gina shirinta na ilimin firamare kyauta a kai cikin 1955. Saboda haka sa'ad da soja suka mayar da mulki hannun farar hula cikin 1979, aka rantsar da shi Gwamnan Ondo yana da shekara 70, mutanen jihar sun ɗauke shi tamkar uba, kuma amintaccen Awolowo.

Shi kuwa Omoboriowo lauya ne, mutumin Ijero ta ƙasar Ekiti, Ajasin ya girme shi da fiye da shekara 20. Mai baki ne, mai iya tara jama'a, kuma a lokacin babu mai shakkar biyayyarsa ga Awolowo, har ma ya wallafa littafi mai suna Awoism cikin 1982 a kan aƙidar madugun nasu. Ya kamata mai karatu ya tuna cewa Jihar Ondo ta wancan zamani, wadda aka ƙirƙiro cikin 1976, ta haɗa har da ƙasar Ekiti baki ɗaya, domin sai cikin 1996 aka ba Ekitawa tasu jiha. Haɗa ɗan Owo da ɗan Ekiti a takara guda dabara ce ta raba daidai, ta kuwa yi amfani, gama a zaɓen Shugaban Ƙasa na 1979 Awolowo ya kwashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙuri'un jihar.

Inda bango ya tsage

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Tsagar kuwa daga cikin gidan UPN ta faro. Tun kafin a yi nisa da mulki Gwamna da mataimakinsa suka fara zaman doya da manja. Mutanen Omoboriowo suna ƙorafin cewa an mayar da shi saniyar ware, ba a shawara da shi, kuma ƙasar Ekiti, duk da yawan jama'arta, ba ta samun rabon da ya dace da ita. Suna kuma ganin dattijon ya tsufa, ya kamata ya yi zango ɗaya ya koma gefe. Mutanen Ajasin su kuma suna ganin mataimakin ya cika gaggawa, idonsa yana kan kujerar maigidansa tun ran da aka rantsar da su.

Ga shi kuma zamanin ya zo da ƙunci. Farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, cikin 1982 Gwamnatin Tarayya ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu, kuɗin da jihohi suke samu ya ragu. Jihar da ta yi alkawarin ilimi kyauta da magani kyauta, wadda kuma arzikin manomanta ya dogara ga koko, dole ta ji a jikinta.

A ƙarshen 1982 aka yi zaɓen fid da gwani na UPN. Ajasin ya tsaya, Omoboriowo ya tsaya, Sanata Banji Akintoye shi ma ya tsaya. Jam'iyya ta ce Ajasin ne ya ci, Omoboriowo ya ce atafau shi ya ci aka murɗe masa. Awolowo ya tsaya bayan gwamnoninsa masu ci, sulhu kuwa ya gagara. Daga nan Omoboriowo ya tattara mutanensa, cikinsu har da 'yan majalisa da manyan jam'iyya, suka sauya sheƙa zuwa NPN, ita kuwa ta karɓe su hannu bibbiyu ta miƙa masa tutarta. Irin wannan ta faru a Jihar Oyo, inda mataimakin Gwamna Bola Ige, watau Cif Sunday Afolabi, shi ma ya yi fushi ya koma NPN.

Wannan ne ya sa gabar Ondo ta yi ɗaci ƙwarai. Waɗanda suka ja daga a 1983 'yan gida ɗaya ne a 1979. Sun san sirrin juna, sun san gidajen juna, a gari guda suke kwana, a coci guda ko masallaci guda suke ibada. A idon talakan UPN kuwa wanda ya bar Awolowo ya koma NPN ya wuce abokin hamayya, maci amana ne.

Abin da NPN take nema a Yamma

A zaɓen 1979 NPN ta sami gwamnoni 7, UPN 5, NPP 3, GNPP 2, PRP 2. Jihohin UPN su ne Legas da Ogun da Oyo da Ondo da Bendel. Shugaba Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki da ƙyar, bayan shari'ar nan ta kashi biyu cikin uku na jihohi 19 wadda ta kai har Kotun Ƙoli. Saboda haka NPN ta shiga 1983 da niyyar cin zaɓen da babu mai tankawa, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai an fasa ganuwar Awolowo. Bugu da ƙari, manyan Yarabawan da suke cikin jam'iyyar, irin su Shugabanta na ƙasa Cif Adisa Akinloye, suna bukatar su nuna cewa suna da jama'a a gida, domin a dama da su idan lokacin karɓa-karɓa ya zo.

Hukumar Zaɓe ta Tarayya, watau FEDECO, tana ƙarƙashin Mai Shari'a Victor Ovie-Whiskey. Tun daga rajistar masu zaɓe aka fara gunaguni, gama sunayen da ba su kai miliyan 49 ba a 1979 sun haura miliyan 65 a 1983. Sa'an nan aka juya jerin zaɓuɓɓukan. A 1979 zaɓen Shugaban Ƙasa shi ne na ƙarshe, amma a 1983 shi aka fara yi, ran 6 ga Agusta, na gwamnoni ya biyo baya da mako guda. 'Yan adawa sun koka da cewa an yi haka ne domin guguwar wanda ya ci na farko ta kwashi sauran. Shagari ya ci da ƙuri'a fiye da miliyan 12, Awolowo ya zo na biyu da kusan miliyan 8.

Cikin mako guda ƙuri'a ta ninka uku

A nan ne ya kamata mai karatu ya lura da alƙaluma. A zaɓen ran 6 ga Agusta Shagari ya sami ƙasa da ƙuri'a 400,000 a Jihar Ondo, watau kimanin kashi 20 cikin 100. Wannan ci gaba ne babba ga NPN in an gwada da 1979, ya kuma nuna cewa mutanen da Omoboriowo ya tafi da su ba 'yan kaɗan ba ne. Amma duk da haka Awolowo ya riƙe fiye da kashi uku cikin huɗu na jihar.

Bayan kwana bakwai kacal, da rajista guda, da rumfuna guda, da mutane guda, sai FEDECO ta ce ɗan takarar NPN ya sami fiye da ƙuri'a 1,200,000, Ajasin kuwa 1,015,385. Watau jam'iyyar ta ninka abin da ta samu fiye da sau uku cikin mako ɗaya. Ko wanda bai shiga makaranta ba ya san da walakin goro a miya.

Har ila yau akwai abin da ya ƙara hura wutar, watau gidajen rediyo. Gidan rediyon jiha yana hannun gwamnatin UPN, na Tarayya da yake Akure yana karkata ga NPN, kowanne kuwa ya mayar da kansa bakin jam'iyya tun lokacin yaƙin neman zaɓe. A kwanakin da ake jiran sakamako jama'a sun riga sun ji alƙaluman da wakilan UPN suka tattaro daga rumfuna, sun kuma sakankance cewa dattijon ya ci. An riga an ɗana tarko, sanarwar hukuma kawai ake jira.

Talatar Akure

Ran Talata 16 ga Agusta aka ba da sanarwar cewa Omoboriowo ne zaɓaɓɓen Gwamna. Nan da nan mutane suka bazu a tituna, maza da mata, aka datse hanyoyi, aka nufi gidajen 'yan NPN da galan-galan na fetur. An cinna wa ofishin FEDECO na Akure wuta. An ƙone gidaje da kantuna da motoci, tarzomar kuma ta watsu zuwa wasu garuruwan jihar. 'Yan sanda sun kasa shawo kan al'amarin da wuri. Omoboriowo da kansa ya tsira, ya bar jihar ya nufi Ikko.

Wasu ba su yi wannan sa'a ba. An kashe Cif Olaiya Fagbamigbe, ɗan Majalisar Wakilai, mai kamfanin buga littattafai a Akure, mutumin da kamfaninsa ne ya buga jawaban Awolowo cikin littattafai kafin siyasa ta raba su. An kashe Tunde Agunbiade, ɗan Majalisar Dokokin Jiha. An kashe wasu da dama waɗanda jaridu ba su ma ambaci sunayensu ba. A Jihar Oyo ma an yi tashin hankali bayan an ce Dokta Omololu Olunloyo ya kayar da Bola Ige, har ta kai aka ɗage sauran zaɓuɓɓuka a jihohin biyu.

Dattawan da suka ga 1965 sun ce tarihi ne ya maimaita kansa. A watan Oktoba na shekarar nan aka yi zaɓen Jihar Yamma wanda aka zargi gwamnatin Cif Ladoke Akintola da murɗewa, aka shiga ƙone-ƙonen da ake kira wetie, watau a jiƙa mutum da fetur, bayan wata uku kuwa soja suka kifar da Jamhuriya ta Farko.

Dole a faɗi gaskiya a nan, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. An sha yin tutiya da cewa mutanen Ondo sun kare ƙuri'arsu da jininsu. To, amma wutar nan ba ta sake alƙalami ko ɗaya a takardar FEDECO ba. Washegarin tarzomar, a idon doka, Omoboriowo ne zaɓaɓɓen Gwamna, haka kuma ya zauna har ran da alƙalai suka yi magana. Abin da wutar ta bari shi ne marayu da zawarawa, da gabar da ta daɗe tsakanin gidajen da dā suke ci a akushi ɗaya. Waɗanda aka ƙona kuwa babu kotun da ta zauna ta ce su ne suka sauya alƙaluma.

A gaban alƙalai

Ajasin ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Jiha da take Akure, inda alƙalai biyar suka zauna a ƙarƙashin Babban Jojin Jiha, Mai Shari'a Olakunle Orojo. Makamin da ya shiga da shi takardu ne. A tsarin zaɓe, idan an ƙidaya ƙuri'u akan rubuta abin da kowace jam'iyya ta samu a takardar sakamako, malaman zaɓe su sa hannu, wakilan jam'iyyu su sa hannu, daga nan a wuce da ita wurin tattarawa, mataki-mataki har zuwa hedkwatar jiha. UPN jam'iyya ce mai tsari, ta baza wakilanta ko'ina, wakilan nan kuwa sun adana takardunsu.

Da aka baje takardun a gaban kotu, aka kuma kira jami'an zaɓe suka ba da shaida da bakinsu, sai ta bayyana cewa abin da aka sa wa hannu a ƙasa dabam, abin da aka karanta a sama dabam. Kotu ta yi nata lissafi, ta sami Ajasin da ƙuri'a 1,563,327, Omoboriowo da 703,592. Watau an yi wa ɗaya aringizon fiye da rabin miliyan, an kuma zabge wa ɗayan fiye da rabin miliyan. Ba a bukatar sace akwati dubu kafin a yi wannan aika-aika. Mutum kaɗan da alƙalamin rubutu a ɗakin tattara sakamako sun isa.

Cikin watan Satumba kotun ta ce Ajasin ne halattaccen Gwamna. Omoboriowo ya ɗaukaka ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta tabbatar da hukuncin, Kotun Ƙoli ita ma ta tabbatar. Daga cikin jihohi 13 da aka ce NPN ta ci, Ondo ce kaɗai ta kuɓuce mata a kotu, suka koma 12. Bola Ige ya yi ƙara bai yi nasara ba. Cif Jim Nwobodo na Anambra ya yi nasara a kotun farko, amma aka warware ta a sama, kujerar ta tabbata ga Cif Christian Onoh.

Adalci kuma ya sa a lura da wani abu. Ko a lissafin kotu Omoboriowo ya sami kusan ninki biyu na abin da Shagari ya samu a jihar mako guda kafin nan. Ashe mutumin yana da jama'arsa na gaskiya. Da ya karɓi dubu ɗari bakwai ɗin nan ya zama madugun adawa, yana ɗan shekara 51 gaban dattijo mai shekara 74, da wataƙila gaba tasa ce. Aringizon da aka yi domin a taimake shi, shi ne ya dusashe tauraronsa.

Nasarar wata uku

Ajasin bai daɗe a zangonsa na biyu ba. Ran 31 ga watan Disamba na 1983 aka ji muryar Birgediya Sani Abacha a rediyo, soja suka kawar da gwamnatin Shagari, Manjo-Janar Muhammadu Buhari ya zama Shugaban Ƙasa. A jawabinsa na farko Buhari ya ambaci zaɓen a cikin dalilan juyin mulkin, ya kuma nuna cewa maguɗin bai tsaya ga jam'iyya ɗaya ba, kowace ta yi gwargwadon ƙarfinta. Aka tsare wanda ya ci da wanda ya faɗi. Shi kansa Ajasin an gurfanar da shi gaban kotun soja, ba a same shi da laifi ba, amma ya ci gaba da zama a tsare har sai da Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki cikin watan Agusta na 1985.

Gwamnatin soja ta kafa kwamitin bincike kan ayyukan FEDECO a ƙarƙashin Mai Shari'a Bolarinwa Babalakin, zaɓen Ondo kuwa yana cikin manyan misalan da rahotonsa ya kawo na sauya sakamako. Ɗan jarida Dare Babarinsa, wanda ya ga rikicin da idonsa, ya rubuta littafi a kansa mai suna House of War. Ajasin ya ƙare rayuwarsa yana jagorantar ƙungiyoyin Afenifere da NADECO wajen ja da mulkin Abacha, ya rasu cikin 1997, Jami'ar Jihar Ondo ta Akungba kuma tana ɗauke da sunansa. Omoboriowo ya rasu cikin 2012 bai sake riƙe wani zaɓaɓɓen muƙami ba.

Abin da ya saura

Ciwon bai warke da tafiyar FEDECO ba. A zaɓen 2007 an ce Dokta Olusegun Agagu na PDP ne ya ci Ondo, sai cikin watan Fabrairu na 2009 kotu ta miƙa kujerar ga Dokta Olusegun Mimiko na Jam'iyyar Labour. A Ekiti Dokta Kayode Fayemi ya jira har watan Oktoba na 2010, a Osun Rauf Aregbesola ya jira har watan Nuwamba na shekarar. Abin da alƙalan 1983 suka gama cikin 'yan makonni ya zama aikin shekara uku da rabi, wanda kotu ta ce bai ci ba yana kan gado yana kashe kuɗin jama'a. Wannan ya sa aka gyara Tsarin Mulki cikin 2010, aka ƙayyade wa kotun zaɓe kwana 180, kotun ɗaukaka ƙara kwana 60. Dokar Zaɓe ta 2022 kuma ta buɗe hanyar amfani da na'urar tantance masu zaɓe da ɗora hoton takardar sakamakon rumfa a intanet. Duk dabarun nan abu ɗaya suke nema, watau kada abin da aka rubuta a rumfa ya sake kama a hanya. Amma ko a 2023 an ga Kwamishinan Zaɓe na Jihar Adamawa ya miƙe ya ba da sanarwar wadda ta ci alhali ba a gama tattarawa ba, har sai da uwar hukumar ta soke maganarsa.

Saboda haka akwai aiki a wuyan kowa. Jam'iyyu su yi adalci a zaɓen fid da gwani, gama daga nan ne fitinar Ondo ta samo asali. Masu gidajen rediyo su tuna cewa kalma ɗaya a ranar sakamako tana iya tayar da gari. Ɗan takarar da yake son a ji kukansa a kotu ya kashe kuɗinsa kan wakilan rumfa masu amana, waɗanda za su tsaya har a gama ƙidaya, su sa hannu, su karɓi takardarsu, su adana ta, maimakon ya kashe kan 'yan banga. Jami'in zaɓe kuwa ya sani cewa sifili ɗaya da zai ƙara a takarda yana iya zama ajalin mutanen da bai taɓa gani ba. Allah Ya kiyashe mu da sake ganin rana irin Talatar Akure.